Tsohuwar Kwalbar Jar Giyar Inabi: Yadda Ake Gane Ko a Buɗe Ta Ko a Ƙara Ajiye Ta

Maganar da ta fi yawo a bakin mutane game da giyar inabi ita ce wai muddin tana ƙara shekaru, tana ƙara daɗi. Rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiyar nan ta sa kwalabe da yawa sun mutu a cikin kabad ana jiran wata babbar rana. Mafi yawan jar giyar da ke kasuwa an yi ta ne don a sha cikin shekara 2 zuwa 5 bayan an ɗura ta. Kaɗan ce ke da ƙarfin kai wa shekara 20, ita ma sai ta sami wurin kwana mai kyau. Don haka idan tsohuwar kwalba ta shigo hannunka, ta kyauta ce, ta gado ce, ko wadda ka manta da ita a lungu, abu uku za ka bincika kafin ka taɓa matoshinta: wace irin giya ce, a ina ta yi shekarun nan, kuma me jikin kwalbar ke nunawa.

Mataki na 1: Karanta takardar jikin kwalba

Shekarar da aka buga a jiki ita ce shekarar da aka tsinke inabin, ba shekarar da aka ɗura ko aka sayar ba. Daga ita za ka fara lissafi. A Turai da Amurka ana girbi tsakanin Agusta da Oktoba, a Ostireliya, Chile, Ajantina da Afirka ta Kudu kuwa tsakanin Fabrairu da Afrilu, saboda haka giyar kudu ta girmi ta arewa da kusan wata 6 ko da shekararsu ɗaya. Kwalbar da ba ta da shekara sam, galibi haɗin girbi daban-daban ce da aka yi don sha nan take. In irin ta ce a hannunka, kada ka wahalar da kanka da sauran lissafin ajiya.

Sai ka duba irin inabin da yankin da ya fito. A nan ne asirin yake, domin abin da ke riƙe giya shekara da shekaru ba tsadarta ba ce. Na farko shi ne bauri, wato abin nan da ke kama dasashi da harshe ya busar da su kamar ka sha shayin da ganyensa ya daɗe a ruwa. Sinadarin da ke kawo shi ana kiransa tanin, daga ɓawon inabi da ƙwayoyinsa yake fitowa, wani kuma daga gangar katakon da aka tsuma giyar a ciki. Na biyu tsami ne, shi ke hana giya yin lami. Na uku kuwa ƙarfin ɗanɗanon inabin kansa. Yayin da shekaru ke tafiya, bauri yana laushi, wani sashensa ya haɗu da launi ya kwanta a ƙasan kwalba, ɗanɗanon inabi kuma yana raguwa a hankali. Tsere ne tsakanin abu biyu: baurin ya yi laushi kafin ɗanɗanon ya ƙare. Giyar da ta fara da ɗanɗano kaɗan ba ta da guzurin wannan tafiya.

A taƙaice ana iya kasa jar giya kashi uku. Akwai masu gajeren zango, shekara 1 zuwa 3: Beaujolais na yau da kullum, Dolcetto, Valpolicella mara nauyi, da kusan duk giyar da ake yi da yawa don manyan kantuna. Beaujolais Nouveau, wadda ake fitarwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, 'yan makonni kawai bayan girbi, ita ko shekara guda ma ta yi mata yawa. Akwai na tsakiya, shekara 4 zuwa 10: Chianti Classico, Rioja ta Sifaniya mai alamar Crianza ko Reserva, Malbec mai kyau daga Mendoza a Ajantina, da ta ƙananan gidajen yin giya na yankin Bordeaux a Faransa. Sannan masu dogon zango, shekara 15 zuwa 30 ko fiye: manyan gidajen Médoc, wani sashe na Bordeaux, da aka jera bisa daraja tun 1855, Barolo da Barbaresco na inabin Nebbiolo daga Piedmont a arewacin Italiya, Brunello di Montalcino, Hermitage na inabin Syrah, Rioja Gran Reserva, manyan gonakin Burgundy a Faransa, da Cabernet Sauvignon na ƙwarai daga Napa a Amurka. Port, giyar Fotugal mai zaƙi da aka ƙara wa ƙarfi, in mai shekara a jiki ce, saboda sukarinta da ƙarfinta da ya kai kashi 20 cikin 100, tana iya haura shekara 40 tana nan daram.

Wasu kalmomin da ke kan takardar doka ce ta sa su, kuma suna gaya maka cewa an riga an yi maka wani sashen jiran. Ba a fitar da Barolo sai ta yi wata 38, 18 daga ciki a katako, in kuma Riserva ce wata 62. Rioja Gran Reserva tana yin shekara 5 a gidan da aka yi ta, aƙalla 2 a ganga. Amma a kula: kalmar Reserve a kwalbar Amurka ko Ostireliya ba doka ce ta tsare ta ba, kowa na iya bugawa.

Mataki na 2: Duba yadda shekarar ta kasance

Gona ɗaya, mai gida ɗaya, amma yanayin shekara ya bambanta. A Bordeaux, 1982, 1990, 2000, 2005, 2009, 2010 da 2016 sun yi suna wajen ƙarko. A 1991 kuwa sanyin watan Afrilu ya ƙone tohon inabi, 2013 kuma ruwa da ƙanƙara suka ɓata ta, giyarta ta fito ba nauyi. Kwalbar babban gida ta 2013 ta riga ta nuna, ta 2010 daga gida guda kuwa tana da sauran tafiya. Mujallun giya suna buga jadawalin shekaru na kowane yanki, gidajen da ke yin giyar ma sukan faɗi lokacin da suke ganin ta dace. Ka duba biyu ko uku, ka ɗauki inda suka haɗu. Sai dai duk lissafinsu a kan kwalbar da ta kwana a ɗaki mai sanyi ne.

Mataki na 3: Bi sawun inda ta kwana

Wannan matakin ya fi sunan da ke jikin kwalba nauyi. Yanayin da ake so shi ne digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyos, ba hawa ba sauka, da danshin iska kashi 60 zuwa 70 cikin 100, cikin duhu, kwalba a kwance. Duk abin da ya kauce wa haka yana cin shekarun giyar.

Zafi ne babban abokin gaba. Ƙa'idar da masana sinadarai ke amfani da ita a dunƙule ita ce duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin canji. Ke nan kwalbar da ta yi shekara 10 a ɗaki mai digiri 23 ta tsufa kamar ta yi kusan 20 a ɗakin ajiya, kuma ba tsufa mai kyau ba, domin ƙamshi ne ke gudu ya bar baurin a baya. In zafin ya haura 30, 'yan kwanaki sun isa su dafa ta. Saman firij, kusa da murhu, gefen taga da but ɗin mota, duk makabartar giya ce. Hawa da saukar zafi ma na da tasa illar: giya tana kumbura da rana ta tsuke da dare, sai kwalbar ta riƙa shaƙar iska ta gefen matoshi kamar mai numfashi.

Tsayuwa ita ce ta biyu. Matoshin gargajiya ɓawon wata bishiya ce da ta fi yawa a Fotugal da Sifaniya, kuma idan kwalba ta daɗe a tsaye a wuri busasshe, yakan ƙanƙance ya daina riƙewa. Wata 2 ko 3 ba komai. Shekaru ne matsala. Firij ɗin abinci ma ba wurin dogon zama ba ne: sanyinsa ya yi yawa, iskarsa busasshiya ce, injinsa na girgiza kwalba dare da rana.

Idan ba wanda zai iya gaya maka inda kwalbar ta kwana, ɗauka cewa wurin bai yi kyau ba, ka rage rabin shekarun da jadawali ya ba ta.

Mataki na 4: Duba jikin kwalbar da kyau

Ka tsayar da ita a kan tebur, ka samo tocila.

Fara da inda giyar ta tsaya. Kowace kwalba mai matoshin ɓawo tana rasa ɗan abu kaɗan da shekaru, kuma duk abin da ya fita iska ce ta maye gurbinsa. Kwalbar Bordeaux tana da kafaɗa a tsaye, shi ya sa ake auna ta da ido. Idan giyar tana cikin wuya, lafiya lau. Idan tana gindin wuya, daidai ne ga mai shekara 10 zuwa 20. Idan ta sauko saman kafaɗa, ba abin tsoro ba ne ga mai shekara 20 ko fiye, amma ga mai shekara 8 alama ce cewa matoshi na yoyo. Tsakiyar kafaɗa caca ce, ana yarda da ita ne kawai ga mai shekara 30 zuwa 40. Ƙasan kafaɗa kuwa, da wuya a sami abin kirki a ciki. Kwalbar Burgundy da ta yankin Rhône na Faransa kafaɗarsu a zube take, don haka da ma'auni ake aunawa, daga ƙasan matoshi zuwa saman giya. Santimita 2 zuwa 3 ya yi kyau, 4 zuwa 5 ba laifi ga tsohuwa sosai, abin da ya wuce 7 kuwa sai a yi shakka. Abin lura shi ne gibin ya dace da shekarun. Babban gibi a ƙaramar shekara ya fi komai muni.

Sai matoshi. Ka ɗora babban yatsa a kan hular da ta lulluɓe bakin kwalbar. Ya kamata ka ji matoshin daidai da baki ko ya ɗan shige kaɗan. Idan ya turo waje har hular ta yi tozo, zafi ne ya kumbura giyar ta tura shi, ko kuma ta taɓa daskarewa. Idan ya nutse ko yana motsi da ɗan dannawa, ya saki, ka daina dannawa kada ya faɗa ciki. Duba gefen hular da wuyan kwalbar: busasshen layi mai danƙo, ja ko baƙi, shaida ce cewa giya ta taɓa tsiyayowa.

Akwai abubuwan da ke tsorata mutane alhali ba komai ba ne. Funfuna a saman matoshi, ko takardar da danshi ya ɓata ta yi baƙi-baƙi, galibi alama ce cewa kwalbar ta kwana a ɗaki mai raɓa, wanda shi matoshi ke so. Takardar da rana ta koɗar ta yi fari fes, ita ce abin damuwa. Lakar da ta manne a gefen da kwalbar ta kwanta a kai kuwa ba komai ba ce: hujja ce cewa ta daɗe a kwance ba a dame ta ba.

Yanzu haska tocila ta bayan wuya da kafaɗa. Ko ta cikin koren gilashi za ka iya ganin launi. Ja mai haske garau, ko ja mai ratsin ruwan goro, akwai rai. Ruwan ƙasa kamar baƙin shayi, ko giyar da ta ƙi washewa bayan 'yan kwanaki a tsaye, ta tafi.

Girman kwalba ma na shiga lissafi. Ta yau da kullum mililita 750 ce. Babbar, mai lita 1.5 da ake kira magnum, bakinta kusan ɗaya ne da na ƙaramar amma giyarta ninki biyu, don haka iskar da ke shiga ba ta cin ta da sauri. Rabin kwalba, mililita 375, ita ke riga kowa tsufa. Murfin murɗawa ba alamar giya mara daraja ba ce, manyan gidaje a Ostireliya da New Zealand suna amfani da shi, kuma yana riƙe giya da kyau. Matoshin roba ne ba a yi don dogon zama ba.

Mataki na 5: Yanke hukunci

Idan giyar mai gajeren zango ce kuma ta wuce shekarunta, buɗe ta a makon nan, ba abin da jira zai ƙara mata. Idan kowace irin giya ce amma ka ga yoyo, turarren matoshi ko gibi mai yawa, ita ma buɗe ta yanzu, ka tanadi wata kwalbar a gefe ko da wannan ta ba ka kunya. Idan mai dogon zango ce, ta shiga shekarun da aka ce ta nuna, kuma ita kaɗai gare ka, to shawarar masu sanin abin ita ce a sha. Dalili kuwa asarar biyu ba ɗaya ba ce. Wanda ya buɗe da wuri zai sami giya mai ɗan bauri, wadda awa 1 ko 2 a tulun gilashi zai tausasa. Wanda ya makara ba shi da gyara.

Ajiya tana da hujja ne kawai idan abu uku sun haɗu: giyar mai dogon zango ce da ba ta kai lokacinta ba, jikin kwalbar ba shi da aibi, kuma kana da wuri mai sanyi da za ka ci gaba da ajiye ta. In na ukun ya faɗi, sauran biyun ba su da amfani. Ka kuma tambayi bakinka. Tsohuwar giya ba sabuwa ce da aka ƙara wa daɗi ba, wani abu ne daban: ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace yana komawa na busassu, da na fata, ganyen taba, naman kaza da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mutane da yawa sun fi son ta tana da ƙuruciya, kuma ba laifi ba ne.

Mai kwalabe da yawa iri ɗaya shi ya fi kowa sauƙi, domin gani ya kori ji: ya buɗe ɗaya ta zama ma'aunin sauran. Akwai kuma na'urar Coravin, da ta shigo kasuwa a 2013, wadda ke soka siririyar allura ta cikin matoshi ta zuƙo kaɗan, ta cike gurbin da argon, wata iska da ba ta ɓata giya. Tana aiki idan matoshin yana da sauran laushi da zai rufe ramin allurar. A kan wanda ya tsufa ya yi rauni, tana iya tura shi ciki.

Idan tunaninka na sayarwa ne, kada ka goge takarda, kada ka taɓa hula. Gidajen gwanjo suna neman rasit da shaidar inda aka ajiye, musamman tun bayan da kotu a Amurka ta sami Rudy Kurniawan da laifin sayar da jabun tsofaffin giya a 2013. Kwalbar da ba ta da tarihi, ko sunanta ya kai ina, darajarta ta faɗi.

Mataki na 6: Idan ajiyewa za ka yi

Kwantar da ita, takarda na kallon sama, don laka ta taru a gefe ɗaya kuma ka iya karantawa ba ka juya ta ba. Firij na musamman na giya, a saita shi a digiri 12 ko 13, shi ne mafita inda babu ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Nisanta ta da fenti, fetur da duk abu mai ƙarfin wari. Ka sa ɗan ɗigo da alƙalami a gilashin daidai inda giyar ta tsaya, ka duba bayan wata 6. In ta sauka a fili, lokaci ya yi. Ka kuma rubuta shekarar da za ka buɗe, domin “wata rana” ba ta cikin kalanda. Matoshi mai kyau yakan yi shekara 25 zuwa 30 kafin ya fara gajiya. Wasu gidaje suna sake wa tsofaffin kwalabensu matoshi, kamar Penfolds na Ostireliya da ke yi tun 1991 ga jar giyarsa mai shekara 15 zuwa sama. Aikin ƙwararru ne, kada ka gwada a gida.

Mataki na 7: Idan buɗewa za ka yi

Tsayar da kwalbar kwana 1 zuwa 2 a wuri mai sanyi don laka ta sauka ƙasa. Mai shekara 30 ko fiye, ka ba ta kwana 3 ko 4, lakarta ta fi laushi kuma ta fi jinkirin kwanciya. Zafin da ake so a sha ta digiri 16 zuwa 18 ne. In ɗakin da zafi, minti 20 zuwa 30 a firij, a tsaye, ya isa.

Yanke hular a ƙasan leɓen kwalbar, ko ka cire ta gaba ɗaya don ka ga wuyan sosai. Goge bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta. Wannan ba kwalliya ba ce: kwalaben da aka rufe kafin tsakiyar shekarun 1990 da yawansu hularsu na da dalma, kuma farin garin da takan bari a baki ba abin haɗiya ba ne.

A wajen matoshi ne aka fi yin ɓarna. Mabuɗin da ya fi dacewa da tsohon matoshi shi ne mai ƙafa biyu siraran ƙarfe. Ka fara zura doguwar ƙafar tsakanin matoshi da gilashi, sannan gajeriyar a ɗaya gefen, ka riƙa karkata shi hagu da dama yana shiga a hankali. Kada ka danna kai tsaye, za ka tura matoshin ciki. Da ya shige duka, sai ka riƙa murɗawa kana ja sama. Idan mabuɗi mai murɗaɗɗen ƙarfe kawai gare ka, zaɓi mai tsawo, ka sa shi a tsakiya cif, ka murɗa har ya kusa ratsa matoshin, domin rabin ƙasa ne ya fi jiƙa kuma nan yake karyewa. Ja a miƙe, sannu-sannu, ba fizga. In ya karye, sake shigar da ƙarfen a karkace, ka tokare guntun da bangon wuya ka ɗago shi. In ya marmashe ya zube ciki, ba tashin hankali: tace giyar ta farin ƙyalle mai tsabta marar warin sabulu, ko ƙaramar rariyar ƙarfe. Gutsattsarin matoshi ba sa ɓata ɗanɗano. Dubi matoshin da ka ciro. In giya ta jiƙa ƙasansa kawai, ya yi aikinsa. In ta haura har sama, iska ma ta sami hanya.

Kafin komai, zuba ɗan kaɗan a kofi ka ɗanɗana, shi zai gaya maka yawan iskar da za ta iya ɗauka. Sannan ka juye ta a tulun gilashi don raba ta da laka: kyandir ko tocila a ƙarƙashin kafaɗar kwalbar, zuba ɗaya a jere ba tsayawa, domin in ka tsaya ka miƙar da kwalbar laka za ta tashi. Da ka ga baƙin zare ya iso wuya, dakata. Abin da zai rage bai fi santimita 2 ko 3 ba. Lakar ba guba ba ce, ɗaci ne da ita da ƙasa-ƙasa a baki. Ƙananan ƙyalƙyali kamar garin gilashi a ƙasan matoshi kuwa gishirin inabi ne, ba ya cutarwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin tsohuwar giya ta sha iska na awanni. Wannan na matashiya ce mai bauri. Mai shekara 25 ko fiye tana iya buɗewa cikin minti 10, ta yi ƙamshinta na minti 40, ta kwanta. A juye ta daf da sha, a tulu mai ƙaramin baki. Tsohuwar Burgundy mai rauni ma gara a zuba ta kai tsaye daga kwalba cikin natsuwa.

Mataki na 8: Karanta abin da ke cikin kofi

Karkata kofin a kan farar takarda ka dubi gefen. Sabuwar giya gefenta na karkata ga shuɗi, mai matsakaicin shekaru ja zalla, tsohuwa launin jan bulo. Wannan duk daidai ne. Nebbiolo da Pinot Noir, inabin Burgundy, tun suna ƙanana ma ba su da duhu, kada haskensu ya ruɗe ka. Ruwan ƙasa tun daga gefe har tsakiya ne mutuwa.

Warin farko yana iya zama na rufaffen ɗaki. Ka ba ta minti 10 zuwa 15, sau da yawa yana washewa, haka ma warin ashana ko na dafaffen ƙwai. Waɗanda ba sa tafiya su ne waɗannan. Warin jiƙaƙƙen kwali ko rima, tare da ɗanɗanon da ya dushe, sinadarin TCA ne daga matoshi, kuma ƙaruwa yake yi da iska. Ba ruwansa da shekaru, tun ranar da aka rufe kwalbar yake ciki. Warin tuffar da ta ƙuje ta yi baƙi alama ce cewa iska ta cinye ta. Warin ruwan kal ko na man goge farce, ƙwayoyin da ke mayar da giya kal ne suka yi aiki. Ɗanɗanon dafaffen 'ya'yan itace da ya kama tukunya, zafi ne. Kumfa a giyar da bai kamata ta yi kumfa ba, ta sake tsima a cikin kwalba. Duk waɗannan suna ɓata daɗi ne, amma tsami da ƙarfin giya ba sa barin ƙwayoyin cuta su rayu, don haka kurɓi ɗaya na gwaji ba zai kwantar da kai ba.

In ta tsira daga waɗannan, auna ta a baki. Bauri yana kama dasashi, ɗanɗanon inabi cike da baki, ƙamshi bai gama fitowa ba: tana da sauran shekaru, a bar 'yan uwanta. Bauri ya yi laushi, ɗanɗanon inabi da ƙamshin tsufa sun zauna tare, daɗin ya daɗe a maƙogwaro bayan haɗiya: ta kai ƙololuwa. Tsami ya fito tsirara, baki ya bushe, ɗanɗanon ya ɓace nan da nan: ta gangara. A nan ne mutane ke ruɗar kansu, su ji bauri su ce ai ba ta nuna ba. Bauri tare da ɗanɗano alƙawari ne, bauri shi kaɗai saura ne, ko shekara 10 ka ƙara mata ɗanɗanon ba zai dawo ba.

Tsufa ba ya rage ƙarfin giya. Kwalba mai kashi 13 cikin 100 tana nan a 13, kofi 5 ne na mililita 150, kuma ƙa'idar tuƙi, juna biyu da shan magani ba ta canja ba don kwalbar ta tsufa.

Mataki na 9: Sauran kwalabe da abin da ya rage

Marigayi Clive Coates, masanin giya ɗan Ingila, yana da ƙa'idar da aka san shi da ita: giya takan zauna a ƙololuwarta kusan tsawon shekarun da ta ɗauka kafin ta kai can. Wadda ta nuna a shekara 10 za ta iya riƙewa zuwa 20, in ajiya ta yi kyau. Ma'auni ne na dunƙule, amma yana taimakawa wajen tsara sha. In wadda ka buɗe ba ta kai ba, jira shekara 2 ko 3 kafin ta gaba. In ta kai, kwalba ɗaya ko biyu duk shekara. In ta fara gangara, a gama da su cikin watanni, a fara da masu babban gibi. Kwalba ɗaya da ta lalace ba ta yanke wa sauran hukunci, domin bayan shekara 20 kowace da halin matoshinta, sai ka buɗe ta biyu kafin ka fid da rai. Rubuta kwanan wata da abin da ka ji, a shekara mai zuwa ba za ka tuna ba.

Tsohuwar giyar da aka buɗe da wuya ta kai gobe da ƙamshinta. In dole ta rage, juye ta nan take a ƙaramar kwalba mai tsabta har ta cika baki, rufe, sa a firij, a sha washegari. Kada ta kwana a tulun gilashi mai dalma. Wadda ta gangara kawai ba ta yi wari ba tana iya shiga tukunyar nama ko a bar ta ta zama kal. Mai warin jiƙaƙƙen kwali kuwa a zubar, warin yana bin ta har cikin girki.